Kujera ta Goma Sha Huɗu

Ƙarfe bakwai nake tayar da mota,
kafin rana ta leƙo ta kan duwatsu.
Fasinja goma sha uku, kowa da malafa da gorar ruwa,
Şenay a gaba, lema rawaya a cinyarta,
tana ƙirga kawuna da leɓe kamar mai jan carbi.
Da safe kufai, da rana teku.
Haka takarda ta ce, haka muke yi
shekara tara ke nan.

Yau sai ga na goma sha huɗu.
Tsoho ne, kwat ɗinsa ta girme ni.
Ya ce sunansa Durmuş,
ya kwance hankici, ya biya kuɗinsa cif.
Na ce, Baba, wannan motar baƙi ce.
Ya ce, to ai ni ma na zama baƙo.

Ni a Patara ba na shiga.
Ina da inuwata a gindin zaitun,
da shayina a kofi mai siririn ƙugu.
Amma tsohon ya kama hannun rigata:
gwiwa ta ƙi, ɗana, zame mini sanda.

Muka wuce ƙofar dutse mai baki uku.
Şenay ta ɗaga lema, ta soma karatunta:
nan majalisa, nan titin kasuwa,
can jiragen ruwa suke sauke kaya
kafin yashi ya haɗiye tashar.
Baƙi na ta ɗaukar hoto.
Ginshiƙai na tsaye, ba su ce uffan ba.

A dandalin wasa,
inda matakai suka zagaye kamar ɓarin ƙwarya,
tsohon ya ja ya tsaya.
Ya daɗe.
Ya ce, ashe sun share shi.
Da ina yaro duk nan tudun yashi ne,
mu kora awaki sama,
mu hau buhu mu sulalo,
ni da ƙanwata Zeliha.
Wa ya san kan kujerun mutane muke zamiya?
Ya nuna wani mataki can ƙoli:
a wancan ta fasa haƙori, ta ce kar in faɗa a gida.

Şenay ta sauke lema.
Wata mai jan gashi ta ce, me yake cewa?
Ta buɗe baki za ta fassara,
sai kawai ta ce: ɗan gida ne.

Da azahar muka gangara Kaş.
Hanya na murɗewa, teku a hannun dama,
shuɗi har ya yi wa ido yawa.
Fararen gidaje, furanni sun zubo daga baranda,
kyanwoyi sun kafa wa mai gasa kifi ido.
Awa biyu, in ji Şenay, mu haɗu a bakin masallaci.
Baƙi suka watse kamar an jefi tattabaru.

Shi bai ci komai ba.
Ya zauna inda ake ɗaure kwale-kwale,
ya cire takalma, ya tsoma ƙafa a ruwa.
Ya ce Zeliha ta rasu watan jiya, a Jamus,
can aka rufe ta, cikin sanyi.
Kullum a waya sai ta ce,
bana za mu koma mu ga tudunmu.
Ashe tudun ya riga ta tafiya.

Ya kife takalmi a tafin hannu.
Yashi ya zubo, bai cika cokali ba.
Ya juye shi a hankicin da kuɗi suka fita,
ya ƙulle sau biyu.

Ƙarfe biyar Şenay ta ƙirga: sha huɗu.
A hanya kowa ya yi barci, hanci ya ƙone,
gishiri ya bushe a gashi.
Ta madubi na hango shi, ido biyu,
hannu a aljihun ƙirji.

Gobe ma da safe kufai, da rana teku.
Da daddare na share mota kamar kullum,
ɓawon lemo, tikiti, marfin gora.
Da tsintsiya ta kai ƙarƙashin kujerarsa
sai na ɗaga ta,
na wuce ta gaba.